Babi na Biyar: Ƙaho a Gona, Tsoro a Zuci

A ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, kamar sauran ƙasar Hausa, irin wannan labari ba baƙo ba ne. Manomi a Dingaya, ko Sara, ko Basirka, yana cikin huɗa sai garma ta turo wani abu: ƙahon akuya da aka toshe bakinsa da tsumma aka naɗe da baƙin zare, ko 'yar tukunya a kife, ko laya da ƙasa ta ci rabinta. Nan take aiki ya tsaya. Ba mai sa hannu, sai dai a sa kara a juya shi. Kafin la'asar magana ta isa gida, kafin lisha ta zaga gari. Sai a shiga lissafi. Ashe shi ya sa bara gero bai yi ba. Ashe shi ya sa saniyar nan ta yi ɓari. Ashe ciwon ƙafar maigida ba na asibiti ba ne. A ƙarshe a zo kan tambayar da ta fi duka haɗari: wa ya binne?

Abubuwan da muke jin tsoronsu iri uku ne. Akwai waɗanda muke zaton da gangan aka haɗa su don a cuci wani, wato kayan sammu da jifa: ƙaho, ƙwai a mararraba, kwaɗon da aka kulle da sunan mutum aka jefa rijiya. Akwai waɗanda muke cewa haka Allah ya yi su da ƙashin tsiya: motar da ta kashe direba biyu, shagon da duk wanda ya kama sai ya karye, gidan da ba ya zaunuwa. Sai kuma waɗanda muke cewa suna da masu su a ɓoye: tsohuwar tsamiya, kuka, suri, kogon dutse, kuɗin tsintuwa a bakin hanya. Wannan babi zai bi diddigin yadda ƙaho ko dutse, abin da ba ya ji ba ya gani, yake hana mai hankali barci, da kuma wanda yake biyan kuɗin wannan tsoro.

Dirki da Sarkin Kano Alwali

Tun zamanin da ƙasar Birnin Kudu take ƙarƙashin sarautar Kano, fadar Kano tana da wani abu da ake kira Dirki. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna an fara shi a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618. Ƙunshi ne da aka naɗe da fatu, ana yanka masa shanu, ana ganin zaman lafiyar sarauta a jikinsa yake. Haka aka yi ta yi kusan shekara 200.

Da Muhammadu Alwali ya hau gado a 1781, ya tara gero da dawa don gudun yaƙi da fari, amma duk da haka yunwa ta faɗo. Manyan fada suka ɗora laifin a kan ƙin bai wa Dirki shanunsa, suka nemi shanu 40, suka kuma gargaɗe shi cewa sarkin da ya hana, suna jiye masa tsoron wani mugun abu. Alwali ya fusata, ya sa samari suka sassare ƙunshin da gatura. Da fatun suka buɗe, sai ga Alƙur'ani a ciki. Bayan wasu shekaru jihadi ya iso Kano, aka kori Alwali daga birni, aka kashe shi a Burumburum a 1807. Shi ne sarki na ƙarshe a gidansu.

Mai jin wannan labari da wuya zuciyarsa ba ta ce masa: ka gani, Dirki ya ci shi. To amma a ɗaga kai a dubi maƙwabta. Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804 ya kawar da Sarkin Gobir Yunfa a Alƙalawa a 1808. Sarakunan Katsina da Daura da Zazzau duk sun bar gadajensu a 'yan shekarun nan. Ko ɗaya a cikinsu bai sari Dirki ba. Abin da ya ci Alwali shi ne abin da ya ci su: malamai da jama'ar da suka gaji da zalunci da haraji da gauraya addini da tsafi, suka kuma sami jagora. Da Alwali ya yanka shanu 400 ma, tutar jihadi ba za ta tsaya a iyakar Kano ba. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama, kuma da irin wannan dacewa ake gina sunan duk wani abu da ake tsoro.

Ruwa ba ya tsami banza

Wani masanin al'adu ɗan Ingila, E. E. Evans-Pritchard, ya zauna cikin ƙabilar Azande a kudancin Sudan, ya fitar da littafi a kansu a 1937. A ciki ya kawo misalin da kowane Bahaushe zai gane. Rumbu ya tsufa, gara ta cinye ƙafafunsa, mutane suna hutawa a inuwarsa da rana, sai ya rufto musu. Azande ba jahilai ba ne, sun san gara ce ta ci itacen. Sun kuma san zafi ne ya kai mutanen ƙarƙashinsa. Abin da ke damunsu daban ne: don me ya faɗi a wannan sa'a, a kan waɗannan mutane? Sanin gara bai amsa wannan ba, sai maita ta amsa.

Mu ma nan ne muke tsayawa. Uwa ta san sauro ke kawo zazzaɓi, amma tana son ta san don me nata ɗan ya tafi, na maƙwabciya ya tashi. Zuciyar ɗan Adam ba ta son a ce mata abu ya faru haka kawai. Dalili mai ban tsoro ya fi mata sauƙin ɗauka a kan rashin dalili, domin ƙaho ana iya tone shi a ƙona, a nemi makari, a ji an yi wani abu. Fari da annoba da tsadar taki kuwa ba su da wuyan da za a shaƙe.

Shi ya sa camfi yake yawa a inda mutum ba shi da iko. Wani masanin al'adu, Bronislaw Malinowski, wanda ya zauna a tsibiran Trobriand lokacin Yaƙin Duniya na Farko, ya lura cewa masunta ba su yin wani tsafi idan za su kamun kifi a ruwan gaɓa mai kwanciya, inda kowa ya san abin da zai samu. Amma in za a shiga tsakiyar teku, inda ake iya dawowa hannu rabbana ko a ƙi dawowa sam, sai tsafe-tsafe su yawaita. A duba namu. Ba wanda yake neman laya don daka ko ɗiban ruwa. Ana nemanta ne a kan noman da ya dogara da sama, da haihuwa, da kasuwa, da zaman kishi, da neman sarauta ko kujerar siyasa. Inda gobe ta fi duhu, nan boka ya fi ciniki.

Akwai kuma yadda muke ƙidaya. Abin da ya dace da zatonmu muna riƙe shi, wanda ya saɓa kuwa sai ya zube ba mu sani ba. A watan Nuwamba na 1922 Howard Carter ya gano kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar. A watan Afrilu na 1923 Lord Carnarvon, attajirin da ya ɗauki nauyin aikin, ya mutu a Alƙahira. Jaridun Turai suka cika duniya da labarin la'anar Fir'auna, alhali ba a sami wani rubutun la'ana a kabarin ba. Carnarvon dama ya daɗe ba shi da ƙoshin lafiya. Sauro ya cije shi a kumatu, ya yanke wurin garin aski, ciwon ya shiga jini. Carter da ya fi kowa daɗewa a cikin kabarin ya ƙara shekara 16 a duniya, sai 1939 ya mutu. A 2002 wani likita mai suna Mark Nelson ya bi tarihin Turawa 44 da suke wurin a lokacin, 25 daga cikinsu sun halarci buɗe kabarin ko akwatin gawar. Ya tarar waɗannan 25 ɗin, in aka daidaita, sun kai shekara 70 a duniya, kuma babu wani bambanci na a-zo-a-gani tsakaninsu da sauran. Mutum ɗaya da ya mutu da wuri kowa ya san sunansa. Waɗanda suka tsufa a gidajensu ba wanda ya buga labarinsu.

Haka motar da ake cewa tana da ƙashin tsiya. Ana tuna haɗari biyu da ta yi, ba a tuna lodi dubu da ta kai lafiya, ba a kuma tambayar lafiyar birkinta, ko awa nawa direban ya yi bai runtsa ba.

Abin da ya taɓa jiki

Me ya sa mai aski a da yake tattara gashi a binne, ake hana yara yar da farce ko'ina, ake tsoron a ɗebi ƙasar sawun mutum? Wani masani, James Frazer, a littafinsa na 1890, ya tattara al'adun sihiri daga sassan duniya ya ga ƙa'idoji biyu ne suke ta maimaituwa. Ta farko, abin da ya yi kama da abu yana iya shafarsa, shi ya sa ake kulle kwaɗo don a kulle mutum. Ta biyu, abin da ya taɓa haɗuwa da mutum ba ya rabuwa da shi, shi ya sa ake neman gashinsa ko tsumman rigarsa.

Frazer ya ɗauka wannan tunanin mutanen da ba su waye ba ne. Bincike ya ƙaryata shi. A 1986 Paul Rozin da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun gwada mutanen da suka yi boko. Suka tsoma mataccen kyankyaso, wanda aka riga aka kashe duk ƙwayoyin cutar jikinsa, a cikin lemo, suka cire, suka ce a sha. Mutane suka ƙyamace shi. Suka zuba sukari a kwalabe biyu a gaban idon kowa, suka ba mutum takarda biyu ya manna da hannunsa, ɗaya an rubuta sukari, ɗaya an rubuta guba. Duk da shi ya manna, ya kuma san abin da ke ciki, sai ya riƙa ɗari-ɗari da kwalbar da ya rubuta wa guba. A wani binciken na 1994, Rozin da Carol Nemeroff sun tarar mutane ba su son sa rigar da mugun mutum ya taɓa sawa ko da an wanke ta tas.

Ke nan wanda ya ƙi sa rigar mamaci a Dingaya da ɗalibin da ya ƙi shan lemo a Amurka halitta ɗaya ce take aiki a jikinsu. Kuma halittar tana da tushe mai amfani. Kafin a san ƙwayoyin cuta, wanda ya guji shimfiɗar mai agana ya fi wanda bai guda ba tsawon rai, domin agana takan bi tufafi da mayafi. Sai a 1980 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya. Matsalar ita ce wannan ƙyama ba ta san iyaka ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Zuciya takan ɗauki mugunta da rashin sa'a da mutuwa kamar su ma cututtuka ne masu bin kaya.

Tsoro yana kwantar da mutum

Wani zai ce: to ai mun ga wanda aka yi wa jifa ya rame, ya daina cin abinci, ya kwanta. Gaskiya ne, an gani, kuma ba ƙarya yake yi ba. Likitoci sun san cewa tsammanin cuta yana haifar da alamun cuta, suna kiran abin nosibo. Mai tsananin tsoro zuciyarsa takan yi ta bugawa, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ciki ya ɗaure, jiki ya mutu. In aka yi makonni a haka, ƙaƙƙarfan mutum ma sai ya zube.

A 2007 wasu likitoci a Amurka suka ba da rahoton wani saurayi ɗan shekara 26 da yake cikin masu gwajin wani sabon maganin damuwa. Ransa ya ɓaci, ya haɗiye ƙwaya 29 a lokaci guda, sannan tsoron mutuwa ya kama shi. Aka kai shi asibiti yana rawar jiki, awon jininsa ya faɗi zuwa 80 bisa 40, aka yi ta ƙara masa ruwa na sa'o'i. Da aka bincika sai aka gano yana cikin rukunin da ake ba ƙwayoyin da babu magani ko kaɗan a cikinsu. Ana gaya masa, cikin kamar minti 15 jikinsa ya dawo daidai.

Wani labarin ya fi kusa da abin da muka sani. Likita Clifton Meador ya rubuta shi a 1992. A 1938, a jihar Alabama, an kawo wani dattijo asibiti ya rame ƙwarai, an yi duk awo ba a ga komai ba. Matarsa ta tsegunta wa likita Drayton Doherty cewa wani boka ne ya kaɗa masa kwalbar wani ruwa mai wari a maƙabarta, ya ce masa ya kusa mutuwa. Washegari likitan ya tara dangi, ya ce ya ritsa bokan ya matsa masa har ya faɗi cewa ƙadangare ne yake cin cikin mutumin. Ya sa aka yi masa allurar sa amai, yana cikin amai sai ya faki ido ya saka ƙadangaren da ya ɓoye a cikin kwanon. Dattijon ya gani, ya yi barci mai nauyi, ya farka yana neman abinci, ya ƙara fiye da shekara 10 a duniya.

Wanda ya taɓa ganin boka yana ciro allura ko ƙullin gashi daga jikin majinyaci ya san wannan aiki. Wani lokaci majinyacin yakan ji sauƙi da gaske, domin an cire masa tsoron da yake cinsa. Amma dabarar tana aiki ne kawai in tsoron shi ne ciwon. In tarin fuka ne, ko ciwon suga, ko daji, ko farfaɗiya, to sauƙin na kwana biyu ne, cutar kuwa tana can tana cin jiki, akuya da kaji suna ƙarewa. Sai an gaji a ɗauko shi zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu a lokacin da aikin ya riga ya yi nisa, in ya cika kuma a ce: dama mun faɗa, ba ciwon asibiti ba ne.

Kada a ɗauka waya da boko sun kashe wannan hali. A watan Yuli na 2004 jita-jita ta game Nijeriya cewa akwai lambobin da in ka amsa kiransu za ka mutu. A watan Satumba na 2011 ta sake dawowa, har sai da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fito ta ce wannan abu ba ya yiwuwa. An canza ƙaho da lambar waya, tsoron yana nan yadda yake.

Abubuwan da suke kisa da gaske

Duk wannan ba ya nufin kowane abu lafiya ne a ɗauka a kai gida. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya aka ga abin ya kai Bagega. Suna suma, suna jijjiga. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga, aka auna jini, aka gano gubar dalma ce. Duwatsun zinare da ake kawowa gida ana dakawa ana niƙawa su ne suke cike da dalma, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Ga dutse mai kisa, amma hayaƙi da rubutun sha ba su gano shi ba, awon jini ne ya gano shi, kwashe gurɓatacciyar ƙasa da magani suka tsayar da shi.

Masu sana'ar gwangwan su ma su ji wannan. A watan Satumba na 1987, a garin Goyaniya na ƙasar Burazil, wasu mutum biyu suka kwance wani ƙarfe daga asibitin da aka daina amfani da shi, suka sayar wa mai sayen tsofaffin ƙarafa. Da dare ya ga wani gari a ciki yana haske shuɗi. Ya ɗauka abin albarka ne, ya kai gida, ya ɗiba wa dangi da abokai. Sai amai da gudawa da ƙuna suka bi gidajen. Matarsa ce ta lura cewa tun da abin nan ya shigo ciwo ya shigo. Ta sa shi a jaka, ta hau bas, ta kai wa jami'an lafiya. Aka gano sinadarin siziyom ne mai tururin nukiliya, na injin ƙona ciwon daji. Mutum 4 suka mutu, har da ita, aka auna mutum wajen 112,000. Zarginta daidai yake da na mai cewa wannan abu ba alheri ba ne. Inda ta bambanta shi ne wurin da ta kai zargin: ta kai shi inda za a auna, kuma hakan ya ceci rayuka masu yawa.

Duwatsun Kudu da alhaki

Tsoro yana da wani aiki da ya kamata a faɗa. Shi ne mai gadin da ba a biya. Tsamiyar da aka ce tana da iskoki ta tsira daga gatari, kurmin da ake shakkar shiga ya riƙe itatuwansa. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai tsofaffin zane-zanen shanu a jikin koguna, har da irin shanun da ba su da tozo, akwai kuma duwatsun da in an buga su suke amo kamar ƙararrawa. Bernard Fagg na gidan tarihi na Jos ya yi rubutu a kansu a tsakiyar shekarun 1950, kuma suna cikin wuraren tarihi da hukumar ƙasa take kula da su. Wuri irin wannan yana tsakanin haɗari biyu: mai ganin duk abin da ya tsufa tsafi ne a rusa shi, da mai ganin duk dutse tsakuwa ce a fasa a sayar. In tsoron aljanu ya kau, dole sanin darajar wurin ya maye gurbinsa. Yaron Dingaya da na Kudu ya cancanci a kai shi ya gani, a gaya masa mutane ne irinsa, masu kiwo, suka yi zanen nan da hannunsu.

Wani tsoron kuma alhaki ne yake haifar da shi. A Ostareliya akwai wani katafaren dutse, Uluru, mai alfarma a wurin 'yan asalin ƙasar. Baƙi sukan saci 'yan duwatsu daga wurin, sannan bayan shekaru su aiko da su ta gidan waya tare da wasiƙun ban haƙuri, wasu suna cewa tun da suka ɗauka ba su ga daidai ba. Dutsen bai bi su ba. Sun san sun ɗauki abin da ba nasu ba, sai kowace masifa ta zama tuni. Hausawa sun riga sun faɗa: alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Wanda ya cinye gonar marayu ya kasa barci a ɗakin da ya gina da kuɗinta, ba turaren korar aljanu yake buƙata ba. Ya mayar da gonar.

Ina addini ya tsaya?

Musulmi zai tambaya: shin ana musun sihiri ne? Ba a musunsa. Alƙur'ani ya ambace shi, ya kuma bayyana cewa masu yinsa ba su cutar da kowa sai da izinin Allah. Amma yarda da cewa akwai sihiri daban, yanke hukuncin cewa wannan ƙullin tsumma shi ne ya kashe wane, kuma wance ce ta binne, shi ma daban. Na farko imani ne, na biyu da'awa ce mai neman hujja.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana camfi, ya so kyakkyawan fata. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar ne. Ga dacewar da ta fi ta Dirki ƙarfi, kuma wadda za ta ƙara masa girma a idon jama'a, amma ya tashi ya gyara musu, ya sanar da su cewa rana da wata ba su husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Sayyidina Umar ya tsaya gaban Hajarul Aswad ya bayyana cewa dutse ne da ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, yana sumbatarsa ne don koyi kawai. In dutsen Ka'aba ke nan, ina ga ƙahon akuya? Kuma a hadisin sihirin da Labidu ɗan A'asam ya yi, wanda aka sa a rijiyar Zarwan, abin da ya biyo baya darasi ne babba: Annabi ya nemi waraka wurin Allah, aka binne rijiyar, ya ƙi tayar da fitina a cikin mutane a kan lamarin. Shehu Usmanu ma, a littattafansa irin su Nurul Albab, ya yi kakkausan suka ga masu girmama itatuwa da duwatsu suna yi musu yanka. Mai rawar jiki a gaban ƙaho da mai yi wa dutse yanka sun haɗu a abu guda: dukansu sun ba abin da ba shi da iko matsayin mai iko.

Wa yake biya?

Abin da ake tsoro ba ya jin zafi in an ƙona shi. Mutum ne yake ji. Da zarar an ce an binne, sai ido ya koma kan wanda dama ake da ƙullinsa: kishiya, matar wa, ɗan'uban da ake rigimar gado da shi, tsohuwar da ba ta da mai tsaya mata. Boka kuwa ba ya cewa bai gani ba, don in ya ce haka ya rasa ciniki. Zai ce: "Hajiya, aikin na cikin gida ne, wata doguwa ce mai fara'a a gabanki." Wace mace ce ba ta da irin wannan a danginta? Daga ranar an daina cin abincin juna, an hana yara shiga ɗakin goggonsu, zumuncin shekara 40 ya mutu a kan maganar da ba mai iya tabbatarwa.

Mafi muni shi ne ranar da aka mayar da mutum kansa abin camfi. Amarya ta tare, bayan wata biyu shagon miji ya ƙone, sai uwar miji ta ce: "Ɗan nan, tun da yarinyar nan ta shigo ba mu ga alheri ba, farar ƙafa gare ta." Ba a tambayi wayar lantarkin shagon ba. Yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba ta koma gidansu da takarda, da kuma sunan da zai bi ta duk inda aka zo neman aurenta.

Don haka, mai karatu, in abu ya zo maka da tsoro, yi masa tambaya uku. Mene ne a cikinsa, kuma ta wace hanya zai cutar? Su wa suka taɓa shi ba abin da ya same su? Wa zai ci riba in na ji tsoro? In gari ne ko ruwa ko ƙarfen da ba ka sani ba, nisanta yara da shi ka kira ma'aikatan lafiya. In ciwo ne, yi addu'a ka kama hanyar asibiti a ranar, kada ka jira sai dabbobi sun ƙare. In ƙulli ne na tsumma da zare, nemi tsarin Allah, ka kawar da shi, ka koma bakin aikinka. Amma kada ka kama sunan kowa ba da hujja ba. Zato zunubi ne, kuma wanda ka ɗora wa sharrin da bai yi ba, kai ne ka cuce shi, haƙƙinsa yana wuyanka har gaban Allah.